Casio fx-991EX a gaban 720,720: inda ta yi ƙoƙari da inda take ruɗa mai ita

Da an koma karatu, shagunan littattafai na Birnin Kebbi da Jega da Argungu sai su cika da masu neman kalkuleta: 'yan sakandare, ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, na jami'ar Aliero da na jami'ar tarayya da ke Kalgo. Yawancinsu gwaji ɗaya suke yi a gaban mai shago, su buga 12 sau 12, su ga 144, su biya. Wannan ba gwaji ba ne, ko ta 'yan tireda za ta ba ka hakan. In kana so ka san abin da na'ura ta iya, ɗora mata lamba babba mai cike da kaya, ka ga inda za ta sauke.

Lambar da muka zaɓa ita ce 720,720, wato dubu ɗari bakwai da dubu ashirin da ɗari bakwai da ashirin. Na'urar kuwa Casio fx-991EX ce, 'yar gidan ClassWiz, wadda ke aiki da hasken rana da ƙaramin batir LR44 guda ɗaya. Ra'ayinmu tun farko: ga mai aiki da cikakkun lambobi ta cancanci kuɗinta, saboda maɓalli ɗaya tak. Amma wannan maɓallin yana da iyaka, kuma yadda na'urar ke faɗin iyakar tata shi ke kayar da ɗalibai.

Maɓallin shi ne FACT. Aikinsa farfasa lamba zuwa lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, waɗanda a aji ake ce wa firam. Ga yadda ake yi: ka danna MENU sai 1, ka rubuta 720720, ka danna =, sannan SHIFT da maɓallin nan mai alamar digiri da minti, wanda aka rubuta FACT a samansa. Nan take za ta nuna

2⁴ × 3² × 5 × 7 × 11 × 13

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake =. Dole lambar ta fara fitowa a matsayin amsa kafin a farfasa ta. Haka nan in amsar tana da ɗigo, ko kaso ce, ko tana ƙasa da sifili, Math ERROR za ka gani, ba lalacewa ta yi ba. Sannan lambar kada ta wuce gurbi goma.

A nan ne mai saye zai lura sosai, don ba kowace Casio ke da FACT ba. Tsohuwar fx-82MS mai layi biyu ba ta da shi. fx-991ES PLUS, wadda ta fi kowacce cika kasuwa kuma sunanta ya yi kama da na wannan, ita ma ba ta da shi. Kada ka tsaya ga sunan da ke jikin kwali, dubi saman maɓallin da idonka. A sabuwar fx-991CW an mayar da aikin ƙarƙashin FORMAT, sai an ɗan yi yawo kafin a kai gare shi, shi ya sa waɗanda hannunsu ya saba da EX ke ganin ta fi sauri.

Wannan layi guda da ta fitar shi ne kusan duk abin da na'urar za ta yi maka da kanta. Sauran abin da ake son sani game da lambar daga cikinsa ake ciro shi, kuma kai za ka ciro.

Ɗauki yawan lambobin da ke raba ta ba tare da saura ba. Babu maɓallin wannan. Sai ka ƙara 1 a kan kowace 'yar lambar da ke sama, wadda ba a rubuta mata komai ba ka ɗauke ta 1, sannan ka ninka: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240. Dalilin ƙara 1 ɗin shi ne, a wajen 2 kana da zaɓi biyar: kada ka ɗauka ko ɗaya, ko ka ɗauki 2, ko 4, ko 8, ko 16. Wanda ya manta da zaɓin farko zai buga 4 × 2 ya sami 8, ya tafi da ita yana murna. To 240 ba ƙaramin abu ba ne. A duk lambobin da ke ƙasa da miliyan ɗaya babu wadda ta wuce haka. Akwai waɗanda suka yi kunnen doki da ita, irin su 831,600 da 997,920, amma 720,720 ce ta fara kaiwa. Wadda ke riƙe da kambun kafin ita 665,280 ce mai 224, kuma ba a karɓe shi daga hannunta ba sai a 1,081,080 mai 256. Irin waɗannan lambobi da suka fi duk na ƙasa da su yawan masu raba su, masanin lissafin nan na Indiya, Srinivasa Ramanujan, ya yi dogon nazari a kansu a 1915. Ya ma ware wani jeri mafi tsauri daga cikinsu, 2, 6, 12, 60, 120, 360, 2520, 5040, 55440, 720720, inda tamu ta zo ta goma.

Abin da ya fi wannan amfani ga ɗan kasuwa: ita ce lamba mafi ƙanƙanta da ke rabuwa da kowace lamba daga 1 har 16. Rabinta 360,360, sulusinta 240,240, rubu'inta 180,180, humusinta 144,144, sudusinta 120,120, subu'inta 102,960, sumuninta 90,090, tusu'inta 80,080, ushirinta 72,072. In da kuɗin shinkafar da aka sayar a fadamar Argungu ne ya kama naira 720,720, ko mutum goma sha ɗaya ne suka yi tarayya kowa zai tashi da 65,520, in goma sha uku ne 55,440, ba kwabo a ƙasa. A 17 take tsayawa. Sai an ninka ta da 17 ɗin, a sami 12,252,240, kafin a wuce wannan shingen.

Malamin da ke koyar da rabon gado zai ji daɗin ta wajen ba da misali. Asalin mas'ala a fara'ili 2 ne ko 3, 4, 6, 8, 12, 24, duk suna raba ta. In aka yi auli, wato kasoshin magada suka zarce asalin har aka ƙara shi, 6 ta koma 7, 8, 9 ko 10, nan ma lafiya lau. Ga misalin 12 da ta koma 13: mace ta rasu ta bar miji, 'ya'ya mata biyu da uwa. Miji rubu'i, kashi 3. 'Ya'ya sulusi biyu, kashi 8. Uwa sudusi, kashi 2. Jimla 13, kowane kashi 55,440, don haka miji 166,320, kowace ɗiya 221,760, uwa 110,880. Amma aulin 17 da na 27 sun fi ƙarfinta. Na 27, mai mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, yana buƙatar 3 sau uku a cikin lambar, ita kuwa biyu gare ta. In ka buga 720720 ÷ 27 na'urar za ta nuna 80080 bisa 3, sai ka danna S⇔D ta koma 26693.33333. Hukuncin wa ya gaji wa na malamai ne da alƙalai, mu lissafin kawai muke nunawa.

Shi kansa saura, ga hanyar da ba ta kuskure. Shiga MENU sai 3, wato Base-N, wurin lissafi da tushe daban-daban, ka tsaya a Dec, tushe goma da muka saba. A can na'urar ba ta san ɗigo ba, tana yar da duk abin da ya biyo bayansa. 720720 ÷ 17 zai ba ka 42395 cif, sai ka buga 720720 − 17 × 42395, ka sami 5. Na 27 kuwa 26693 ne, saura 9. Ka tuna ka koma MENU 1 bayan ka gama, in ba haka ba gobe ka buga 7 ÷ 2 ta ce maka 3, ka rantse an sayar maka da jabu.

Tun da muna can, a nan EX ta yi wa ES PLUS fintinkau. Rubuta 720720, danna =, sai maɓallin log mai BIN a sama. Bayan sifilan gaba za ka ga 10101111111101010000, gurbi ashirin. EX na ɗaukar gurbi 32 a tushe biyu, ES PLUS kuwa 16 kawai, iyakarta 32,767, don haka wannan lambar kuskure za ta ba ka. A tushe goma sha shida amsar AFF50 ce, a tushe takwas 2577520. Sifilai huɗun da ke ƙarshen ta tushe biyu su ne 2⁴ ɗin da FACT ya nuna, wannan hanya ce mai kyau ta tabbatar da cewa ba ka yi kuskuren bugu ba. 'Yan sashen kwamfuta su riƙe wannan.

Jimlar masu raba ta ma da hannu ake haɗawa. Kowane firam ka tara matakansa: 1 + 2 + 4 + 8 + 16 = 31, sai 1 + 3 + 9 = 13, sai 6, 8, 12 da 14. Ninka su gaba ɗaya: 31 × 13 × 6 × 8 × 12 × 14 = 3,249,792. Cire lambar kanta, saura 2,529,072, ya haura ninkinta uku da rabi. Tun zamanin Girkawa ake kasa lambobi uku ta wannan fuska. Akwai kammalalliya, wadda ƙananan masu raba ta ke haɗuwa su ba da ita daidai, kamar 6, 28, 496 da 8128. Akwai mai giɓi, wadda ba su kai ta ba, kamar kowane firam. Akwai mai rara, wadda suka zarce ta, 12 ce ta farko. Tamu mai rara ce, rara mai yawa kuwa. Daga cikin 240 ɗin nan 48 ne mara, sauran 192 cika ne, kuma daga 48 ɗin ake gane cewa ana iya rubuta ta a matsayin jimlar lambobi mabiya juna ta hanya 47, mafi sauƙi 240,239 + 240,240 + 240,241. Lambobin da ba su wuce ta ba kuma ba su haɗa wani firam da ita ba, wato ƙididdigar masanin lissafi Euler, 8 × 6 × 4 × 6 × 10 × 12 = 138,240 ne. Ba ta zama jimlar murabba'i biyu, saboda 7 da 11, waɗanda ke barin saura 3 in an raba su da 4, sau ɗai-ɗai suka shigo.

Wani abin ma ba ya buƙatar batir. Duk lamba mai gurbi uku da aka maimaita, 720 da 720, ninkin 1001 ce, ita kuwa 1001 = 7 × 11 × 13. Yaron da ya san haka zai riga mai kalkuleta.

Yanzu inda take ruɗa mutane. Buga 1022117, danna =, sai FACT. Za ta dawo maka da lambar yadda take, amma a cikin baka biyu. Ɗalibi sai ya rubuta "firam ce". Ba firam ba ce, 1009 × 1013 ce. Buga 2147483647, nan ma baka biyu, alhali wannan firam ce ta gaske, Euler ya tabbatar da haka a 1772. Alama ɗaya, amsa biyu mabambanta. Bakan nan ba cewa take yi lambar ba ta rabuwa ba, cewa take yi "nan ƙarfina ya ƙare".

Dalilin mai sauƙi ne. Na'urar firam masu gurbi uku zuwa ƙasa take gwadawa, guda 168, na ƙarshensu 997. Firam na gaba da shi 1009 ne, kuma 1009 × 1009 = 1,018,081. In abin da ya rage bayan gwajin bai kai 1,018,081 ba, tilas firam ne, don da yana rabuwa da ɗaya daga cikin masu raba shi ya faɗo ƙasa da 1009, ita kuwa ta riga ta gwada su duka. Shi ya sa take rubuta shi ba baka. In ya kai ko ya wuce, ba ta da hujja, sai ta kulle shi. Ka ga ke nan duk lambar da ke ƙasa da miliyan ɗaya, amsar EX a kanta yankakkiya ce, daga can sama kuwa sai ka duba ko akwai baka. Gwada ta da 4294967297, lambar da masanin lissafi Fermat ya zaci firam ce har Euler ya fasa ta a 1732. Za ta ciro 641 ba wahala, ta bar 6700417 a baka. Ita 6,700,417 firam ce, amma kafin ka tabbatar da hannu sai ka gwada firam ɗin da ke tsakanin 1009 da 2588, aikin da ya fi dacewa da kwamfuta. fx-82ES PLUS tana da FACT ita ma, sai dai ta fi tsoro, ko 1009 kanta a baka take saka ta.

A ganinmu laifin ba na injin ba ne, na yadda ake sayar da shi ne. Takardar bayani ta faɗi wannan iyaka, amma da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, kuma yawanci a shago ake barin ta tare da kwali.

Ruɗu na biyu a fuskar na'urar yake. Gurbi goma take nunawa, a ciki kuwa tana riƙe da 15. Buga 720720 sai x², za ka ga 5.194373184 × 10¹¹. Sa'a ce ta sa wannan ya fito daidai, don amsar 519,437,318,400 ce, sifili biyu kawai aka ɓoye. Ƙara ɗaya, ka buga 720721 sai x², ta nuna 5.194387598 × 10¹¹. Wanda ya kwafa ya cike da sifili ya yi asarar 41, amsar gaskiya 519,438,759,841 ce. Maganinsa ka cire kan lambar don wutsiyar ta fito: buga Ans, wato amsar da ta gabata, − 519438000000, za ta ba ka 759841. Wannan dabara tana aiki muddin amsar ba ta wuce gurbi 15 ba. In ka ninka 720721 da kanta sau uku, amsar gurbi 18 ce, ukun ƙarshe sun tafi ke nan, babu maɓallin da zai dawo da su.

Na uku ƙarami ne amma yana cin maki. √720720 a takarda 12√5005 ne, tunda 144 × 5005 = 720,720. Na'urar ba za ta nuna hakan ba, 848.95 da 'yan kai za ta ba ka, don ba ta ajiye abin da ya kai 1000 a ƙarƙashin alamar. Sai ka koma layin FACT, ka fitar da 2² da 3 waje, ka bar 5 × 7 × 11 × 13 a ciki. Daga 848.95 ɗin dai ka san lambar ba murabba'i ba ce, ta faɗa tsakanin 848² = 719,104 da 849² = 720,801, kuma cikin lambobi biyu-biyun da in an ninka su ake samun ta, waɗanda suka fi kusa da juna su ne 840 × 858.

Wasu na ƙoƙarin zaƙulo masu raba lamba ta MENU 9, wato Table, su sa 720720 ÷ x. Yana aiki, amma layi 45 kawai teburin ke ɗauka, 30 in an bar g(x) a kunne, ka ga kafin ka kai 848 sai ka cika tebur 19. Ga shi ramukan teburin ƙanana ne, suna yanke lamba, sai ka kai kan kowanne ka karanta cikakkiyarta a ƙasa. Ɓata lokaci ne. Abin da ya fi shi kyau shi ne dabarar kaso wajen neman babbar lambar da ke raba lambobi biyu: buga 720720 ÷ 831600, ta ba ka 13 bisa 15. Raba 720720 da 13, ka sami 55,440, ita ce babbar mai raba su. Ninka 720720 da 15, ka sami 10,810,800, ita ce ƙaramar lambar da dukansu ke shiga.

Game da jikinta ba mu da dogon zance. Fuskarta ta fi ta ES PLUS tsabta nesa ba kusa ba, 'yan lambobin sama suna fitowa rangaɗau, ba a ɗaukar 2⁴ a matsayin 24. Murfinta mai zamewa ne, a riƙa rufewa lokacin hunturu, don ƙura na shiga ƙarƙashin maɓallai su fara liƙewa. Zafin watan Afrilu na Birnin Kebbi kuwa, wanda ke haura digiri 40, yana baƙanta gilashin in aka bar ta a gaban mota ko kan tankin babur. Tana kashe kanta bayan kamar minti goma. In ta fara ba da amsoshi masu ban mamaki, irin 720720.00 ko komai da × 10, wani ne ya taɓa saitin: SHIFT, 9, 3, = zai mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, amma zai share duk abin da ka ajiye. A cikin SETUP akwai Digit Separator, kunna shi, lambobi su riƙa fitowa uku-uku. Masu shirin JAMB kuma su sani ba a shiga da ita ɗakin jarrabawa, ta kan kwamfuta ake amfani da ita, wadda ba ta san FACT ba, don haka rabawa da 2, 3, 5, 7 a takarda bai tsufa ba.

Saura jabu, wadda ta yi yawa tun da EX ta yi suna. Farashi na tafiya da dala, ba za mu kama suna ba, amma in ka zaga shago uku ka ga ɗaya ya faɗo ƙasa warwas, arha ba ta ado. Alamomin da ake gani: rubutun maɓallai mai kauri da dishi-dishi, maɓallai masu girgiɗi, gilashin da sai ka karkata shi kake gani, da farantin hasken rana wanda wani lokaci ado ne kawai ba waya a bayansa. Ta asali tana fitar da lambar QR in ka danna SHIFT da OPTN, wadda waya za ta karanta ta kai ka shafin Casio, sai dai kada ka tsaya a nan kaɗai.

Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a ba ni minti biyu in gwada." Buga 720720 da FACT, ka ga firam shida sun fito nan take ba jira. Buga 4294967297 da FACT, ka ga 641 da 6700417 a baka. Buga 69 sai x!, ta ba ka 1.711224524 × 10⁹⁸, sannan 70 sai x!, ta ce Math ERROR, don nan iyakarta take. Shiga Base-N ka juya 720720 zuwa BIN, ka ƙirga sifili huɗu a ƙarshe. Daga nan sai a shiga ciniki.